Allura da ƙwaya ga gudan jini ɗaya: amsa ga wata ɗalibar jinya daga Agege

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibar jinya ce, ina shekara ta biyu, muna zaune a Agege. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Mile 12, albasa yake ɗaukowa daga Arewa. Wannan dawowar da ya yi, bayan ya sauka da kwana biyu sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ga ciwo. A asibiti aka yi hoto aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Suka ɗora shi a kan allurar Clexane da ake yi a fatar ciki, suka ba shi warfarin, suka ce ya riƙa zuwa gwajin INR. Me ya sa magani biyu ga cuta ɗaya? Kuma har yanzu kumburin bai sace duka ba, ko maganin ba ya aiki ne? Ga shi abokansa a kasuwa sun ce masa warfarin maganin ɓera ne, wani kuma ya ce allurar daga alade ake yin ta, yanzu yana so ya bari. A makaranta ba mu kai wannan darasin ba. Don Allah a yi mini bayani yadda zan fahimtar da shi."

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Tambayarki huɗu ce a dunƙule: dalilin haɗa allura da ƙwaya, dalilin da kumburi bai gama sacewa ba, maganar ɓera, da maganar alade. Zan taɓa su duka, amma ga abin da ba ya jira: kada Baba ya tsallake sha ko sau ɗaya har sai kun koma wurin likitan da ya rubuta. Makonnin farko su ne lokacin da gudan jini ya fi saurin ƙaruwa ko ɓallewa, wanda ya ajiye magani a wannan tsakanin shi ya fi kowa shiga haɗari. Na daɗe ina jinyar masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini a nan Legas, kuma yawancin waɗanda na ga an dawo da su a rikice, ko dai sun bar maganin ne saboda wata magana da suka ji a waje, ko sun ɗora masa wani abu daga kemis. Saboda haka zan fi daɗewa a kan abin da ke faruwa bayan an sallami mutum ya koma gida.

Yadda jinin ya daskare tun farko

Jini yana da dabarar toshe kansa idan an ji rauni, ba don ita ba da yankan reza ma sai ya kai mutum kushewa. Aikin hawa biyu ne. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, waɗanda za ki ji ana kira filatilet a aji, su ke rugawa su manne a bakin raunin. Daga nan wasu sinadarai da hanta ke sarrafawa su tashi bi da bi, wannan ya tada wancan, har a kai ga turombin, shi kuma ya saƙa zaren fibirin da ke ɗaure toshiyar ta zama guda. Ki riƙe wannan da kyau, domin duk magungunan da za ki karanta a kansa aka gina su. Wasu filatilet suke hanawa mannewa, wasu sinadaran suke taka wa burki, wasu kuma zaren da aka riga aka saƙa suke tsinkawa.

Matsala tana zuwa ne idan aikin ya tashi a cikin jijiya alhali babu rauni. Tun ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yi bincike a kan haka, har yau kuma da sunansa ake koyar da dalilai uku: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya samu lahani, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Ki auna tafiyar Baba da waɗannan. Mai ɗauko albasa daga Aliero ko Sakkwato yakan kwana a hanya, wani lokaci fiye da dare ɗaya, a takure a gaban tirela gwiwa a lanƙwashe. Yawancinsu rage shan ruwa suke yi don kada fitsari ya matsa musu direba bai tsaya ba. Naman sha-raɓa kuwa shi ke matsa jijiya ya tura jini sama duk lokacin da mutum ya taka, in ba a taka ba sai jinin ya kwanta a ƙasa. Idan aka haɗa da shekaru, ko ƙiba, ko shan taba, an gama shirya masa wuri.

Abin tsoron ba a ƙafar yake ba. Idan wani ɓangare na gudan ya ɓalle, zai bi jini ya ratsa ta zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu, wannan kuwa yana kisa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa nake roƙonki kada a bar kowa ya yi masa tausa, ko a murza ƙafar da man zafi, ko a kai shi wurin mai ɗori a ce targaɗe ne.

Dalilin allura da ƙwaya tare

Warfarin a hanta yake aiki. Hanta tana buƙatar bitamin K kafin ta kammala sinadaran daskarewa guda huɗu, na 2, na 7, na 9 da na 10, shi kuma warfarin yana hana jiki sake sabunta bitamin K ɗin da aka yi amfani da shi. To amma ba ya taɓa sinadaran da suka riga suka shiga jini, sai an jira su ƙare da kansu, kuma na 2 yana daɗewa kafin ya ƙare. Kamar wanda ya kashe injin tura ruwa ne alhali tanki a cike yake, famfo zai ci gaba da zuba har sai abin da ke sama ya ƙare. Wannan jiran yakan ɗauki kamar kwana 5. Akwai kuma wani abin da ɗalibai suke mantawa: warfarin yana rage wani sinadarin kariya mai suna furotin C, shi kuwa da wuri yake faɗuwa, don haka a kwanakin farko jini yana iya ƙara karkata wajen daskarewa idan warfarin kaɗai aka bayar.

Clexane, wanda asalin sunansa enoxaparin, shi ke tsare wannan giɓin. Daga dangin heparin yake, wani tsohon maganin hana jini daskarewa, yana ƙarfafa wani mai gadi da ke cikin jini tun asali, antiturombin, ya danne sinadari na 10, kuma cikin 'yan awoyi yake kama aiki. Ƙa'idar ita ce a tafi da su tare aƙalla kwana 5, kuma ba a tsayar da allurar sai INR, lambar gwajin daskarewar jini, ta kai 2 ta zauna a kai aƙalla awa 24. Saboda haka allurar ta ɗan lokaci ce, mai yiwuwa ma ya kusa gama ta. Ƙwayar ce za ta daɗe, aƙalla wata 3, fiye da haka idan likita bai ga dalili bayyananne ba ko kuma ya taɓa samun irin wannan a baya.

Batun kumburi kuwa, babu ɗaya cikin biyun da ke narkar da gudan. Aikinsu su hana shi girma su hana sabo fitowa, jiki da kansa yake cinye shi sannu a hankali cikin makonni ko watanni. Wani lokaci ma gudan yakan ɓata ƙananan ƙofofin da ke cikin jijiya masu hana jini komawa ƙasa, sai ƙafa ta riƙa ɗan tasawa da yamma ko bayan an warke. Ya riƙa tattaki a hankali, in ya zauna ya ɗora ƙafar a kan filo, ku kuma tambayi likita ko safar roba mai matse ƙafa ta dace da shi. Kumburin da ke raguwa ko da kaɗan-kaɗan ne ba abin damuwa ba ne. Wanda ke ƙaruwa, ko ya haura cinya, ko ƙafa ta sauya launi, shi ake komawa asibiti a ranar.

INR da ɗan littafi

INR lamba ce da ke nuna jinkirin jinin mutum wajen daskarewa idan aka gwada shi da na mai lafiya. Wanda ba ya shan komai tasa tana wajen 1. Ga mai irin ciwon Baba ana son ta zauna tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa da 2 kariyar ba ta isa ba. In ta wuce 3 haɗarin zubar jini yana hawa tare da ita, daga 5 zuwa sama kuwa a nemi likita a ranar ko da mutum yana jin garau. Jikin mutane ya bambanta ƙwarai wajen sarrafa warfarin, wani miligiram 3 ya ishe shi, wani sai ya ninka haka sau biyu ko uku, kuma ba a gane wannan da ido ko da girman jiki. Gwajin ne kaɗai ke faɗa. Da farko ana yi bayan 'yan kwanaki, sai mako-mako, in ta daidaita a koma kamar wata-wata.

Ki saya masa ƙaramin littafi, kowane layi kwanan wata, lambar INR, da adadin miligiram da aka ce ya sha. In da hali ku tsaya a ɗakin gwaji ɗaya. Ya riƙa sha a lokaci ɗaya kullum, na fi son bayan sallar Magariba ko Isha, domin ba ya mantuwa, kuma in sakamakon gwaji ya fito da rana aka canja adadi, a daren zai fara. In ya manta ya tuna a ranar, ya sha. In sai washegari ya tuna, ya bar na jiya ya rubuta a littafi, kada ya haɗa biyu.

Sannan kada ki yarda ya san maganinsa da launi. A tsarin Ingila ƙwaya ruwan hoda miligiram 5 ce, shuɗiya 3, ruwan ƙasa 1. A tsarin Amurka kuwa ruwan hoda miligiram 1 ce. Kantunanmu daga ƙasashe daban-daban suke shigo da magani, wanda ya saba cewa "guda biyu masu ruwan hoda nake sha" zai iya shan ninki biyar na abin da aka rubuta masa ranar da aka canja masa kwali. Lambar da ke jikin kwalin ake karantawa, a kuma duba lambar NAFDAC.

Maganar ɓera da maganar alade

Kada ki ce masa ƙarya suke yi, domin ranar da ya gano akwai gaskiya a ciki ba zai sake yarda da ke ba. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawa da ta ruɓe a ajiya. Wani masani a Jami'ar Wisconsin, Karl Paul Link, da ɗalibansa suka gano sinadarin da ke jawo haka, daga nan aka samar da warfarin. A 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 kuma shugaban Amurka Eisenhower ya sha shi bayan ya samu bugun zuciya. Tun daga lokacin ake amfani da shi a duniya. Ɓera ci yake yi ba awo har jininsa ya kasa tsayawa, Baba kuwa ana auna masa da miligiram ana bi da gwaji. Maganar abokansa ma hujja ce a kan ya riƙe ranar gwajinsa da muhimmanci.

Ta alade ita ma tana da tushe. Heparin, wanda aka gano tun 1916, yawancin wanda ake amfani da shi yau daga hanjin alade ake tace shi, enoxaparin kuma daga heparin ake yanko shi. Damuwar Baba damuwa ce ta mai kishin addininsa, bai kamata wata nas ta yi masa tsawa a kai ba. Hukunci na malamai ne, ni ba zan yi masa fatawa ba. Abin da ke kaina shi ne in tabbata an kai wa malam tambayar da cikakken bayani: allura ce ta 'yan kwanaki, ana yin ta ne don kare rai daga toshewar huhu, kuma barinta ba tare da madadi ba haɗari ne na gaske. Babin larura sananne ne a fiƙihu, malam zai san inda zai ajiye wannan. Akwai kuma madadi da za a iya tambayar likita. Fondaparinux allura ce da ake haɗawa a masana'anta ba daga dabba ba, sai dai tana da tsada kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba. Rivaroxaban da apixaban ƙwayoyi ne da ake fara su kai tsaye ba sai an yi allura ba. Sinadarin warfarin shi ma haɗa shi ake yi. Har a samu amsar malam da ta likita, allurar yau a yi ta.

Tunda wataƙila ke ce mai yi masa, ga yadda ake yi. Ya kishingiɗa, ki zaɓi gefen ciki nesa da cibiya da aƙalla santimita 5, yau dama gobe hagu. Ki tattaro fata tsakanin babban yatsa da manuniya, ki soka allurar a miƙe duka tsawonta, kada ki saki fatar har ki gama turawa. 'Yar iskar da za ki gani a cikin sirinjin da aka cika daga kamfani ba a fitar da ita, ita ke tura ɗigon ƙarshe. In kin zare kada ki murza wurin, murzawa ke sa jini ya kwanta fata ta yi baƙi. Adadin magani da nauyin jiki ake lissafa shi, yawanci miligiram 1 ga kowane kilo sau biyu a rana ga wanda gudan ya riga ya kama, saɓanin miligiram 40 sau ɗaya da ake yi wa wanda ke kwance bayan tiyata don rigakafi. Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka ana duba lafiyarta kafin a fara. A matsayinki na ɗaliba ki kuma san cewa heparin yakan sa filatilet su faɗi a wasu mutane, galibi tsakanin kwana na 5 da na 10, kuma a wannan yanayin daskarewa ke ƙaruwa maimakon raguwa, shi ya sa ake bin ƙidayarsu.

Inda haɗarin ya fi yawa

Kin san yadda yamma take a Mile 12. An sauke buhuna, baya ya riƙe, sai a leƙa wurin mai tebur a ce a ba da na ciwon jiki. Ya ɓallo ja, ya ɓallo fari, ya ɓallo rawaya, ya ƙulle a leda babu suna. A cikin irin wannan haɗin ake samun ibuprofen, diclofenac ko piroxicam, dukansu suna raunana filatilet suna kuma cin bangon ciki. Garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa aspirin ne a cikinsa da kafeyin. Wanda ke kan warfarin ya sha waɗannan, an kashe masa hawa biyun tsayar da jini a lokaci ɗaya, an kuma buɗe masa wurin zubar. Wannan haɗarin INR ba ta nuna shi, lamba za ta iya zama daidai mutum yana zubar da jini a ciki. In ciwo ya dame shi paracetamol ne nasa, shi ma in zai kai kwanaki yana sha kullum a gaya wa likita, domin yana iya ɗaga INR.

Sai magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Akwai wani dattijo da muka daɗe muna bin INR ɗinsa, wata da watanni tana zaune lafiya. Gudawa ta kama shi, ya aika yaro kemis aka haɗo masa Flagyl da Septrin. Kafin mako ya zagayo 'yarsa ta kawo shi, fitsarinsa ja, dasashinsa yana tsattsafo jini, hannunsa duk tabon baƙi inda ba abin da ya buge shi. Bai ƙara ko rabin ƙwaya a warfarin ɗinsa ba. Waɗannan biyun suna hana hanta karya warfarin ne sai ya taru a jiki, ga kuma rashin cin abinci da gudawa ta jawo ya rage masa bitamin K. Allah Ya sa an kawo shi da wuri, aka tsayar da maganin aka ba shi bitamin K ya farfaɗo. Ciprofloxacin, erythromycin, fluconazole da amiodarone duk hanyar ɗagawa suke bi. Wasu kuma akasin haka suke yi. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenobarbitone na farfaɗiya, suna sa hanta ta cinye warfarin da sauri sai kariya ta tafi. Ba cewa nake ba za a taɓa ba shi waɗannan ba in buƙata ta kama, amma likita ne zai rubuta yana sane, a kuma matso da ranar gwaji. Allurar ɗuwawu ma, irin wadda ake so a yi da an ji zazzaɓi, a guje ta, jini yakan taru a cikin tsoka.

Abinci kuwa, na sha ganin an hana mara lafiya miyar ganye gaba ɗaya, wannan kuskure ne. Gaskiya ne alayyahu, zogale, rama, kabeji, latas, ugu da lalo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke yin ewedu da shi, suna ɗauke da bitamin K, kuma yawansa yana rage ƙarfin warfarin. Amma an auna adadin maganinsa ne a kan abincin da ya saba ci. Ya ci gaba da cin miyarsa yadda ya saba. Abin da ke rikita lamba shi ne sauyi na farat ɗaya, mutum ya yi mako yana cin kwaɗon zogale safe da yamma don an ce yana ƙara jini, ko ya fara zuba garinsa cokali-cokali a shayi, sannan ya bari. Tafarnuwa, citta da kurkum a cikin girki ba laifi, mayar da su magani ana sha da yawa shi ne ban yarda da shi ba. Agbo da jiƙe-jiƙen basir da na ƙarfin jiki da ake yawo da su a jarka, ya haƙura da su har ya gama, domin mai sayarwar ma ba awo yake yi ba. Kaho kuma a ɗage shi. In wanzami zai yi masa aski a bar aska a yi da inji, asuwaki ya zama mai laushi, in za a cire haƙori ko a yi wata tiyata a faɗa tun kafin ranar.

Ku duka a gidan ku san alamomin. Haɓon da ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba, fitsari ja ko ruwan shayi, bayan gida baƙi ƙirin mai kauri, aman jini, tabo mai faɗi ba dalili, duk na asibiti ne a ranar. Ciwon kai mai tsanani da ya zo kwatsam, ruɗewa, karkacewar baki ko mutuwar hannu, da kuma ƙarancin numfashi, ciwon ƙirji ko tarin jini, waɗannan ba sa jiran gari ya waye. In ya faɗi daga babur ko ya bugu a kai a danfo, a kai shi ko da babu rauni a waje. Lambobin gaggawa na Legas 112 ne da 767, amma kin san gosulon garin nan, don haka tun yau ku san asibiti mafi kusa da gida da mafi kusa da kasuwa masu karɓar gaggawa da dare. Ya riƙa yawo da 'yar takarda a aljihu mai cewa yana shan warfarin. Makarinsa bitamin K ne, in zubar ta yi tsanani a ƙara da ruwan jini mai ɗauke da sinadaran. Na heparin kuwa protamine ne, yana warware shi duka, amma enoxaparin wani ɓangare kawai yake warwarewa.

Ko a canja masa zuwa sababbin?

Tambaya ce da ta dace da mai yawan tafiya irinsa. Rivaroxaban da apixaban suna danne sinadari na 10 kai tsaye, dabigatran kuma turombin. Ba sa buƙatar INR, ba ruwansu da miyar ganye. Ga gudan jinin ƙafa, rivaroxaban ana fara shi da miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan 20 sau ɗaya, kuma tare da abinci ake sha. Sai dai suna da tsada a kan warfarin, kuma da sauri suke barin jiki, wanda kuɗi ya yanke masa ya yi kwana biyu bai saya ba ya zauna babu kariya. A ganina maganin da iyali za su iya saya kowane wata ba yankewa ya fi wanda ya fi sauƙin sha amma ake tsallakewa. Suna kuma buƙatar ƙoda mai lafiya, rifampicin da magungunan farfaɗiyar nan suna rage musu ƙarfi su ma. Ga wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, ko mai matsewar bawul daga ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, warfarin ne har yanzu. Mai juna biyu kuwa ba a ba ta sababbin, warfarin ma yana ratsa mabiyiya ya lahanta jariri musamman tsakanin mako na 6 da na 12, allurar dangin heparin ce tata. Mai shayarwa tana iya shan warfarin.

Wani zai ce a ba shi Vasoprin, wato aspirin, kawai mana. Aspirin da clopidogrel filatilet suke hanawa, sun fi amfani a jijiyoyin da ke kai jini zuciya da ƙwaƙwalwa, ba su isa su riƙe gudan jijiyar ƙafa ba. Masu narkar da guda kuwa, irin streptokinase da alteplase, na ɗakin gaggawa ne, ga toshewar huhu mai barazana ga rai, ko bugun zuciya, ko kuma, ga alteplase, shanyewar ɓarin jiki cikin awa 4 da rabi bayan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba zubar jini ba ne. Haɗarinsu ya fi ƙarfin kumburin ƙafa.

Ni ban ga Baba ba, ban ga fayil ɗinsa ba, don haka adadi da tsawon lokaci da canjin magani duk na likitansa ne. Tafiya Arewa a dakata har INR ta zauna likita ya ba da izini, in ya koma kuma ya riƙa sauka yana takawa duk inda mota ta tsaya, yana motsa idon sawu a zaune, yana shan ruwa, maganinsa a aljihu ba a cikin kaya ba. In azumi ya riske shi a kan warfarin, sha ɗaya ne a rana, ana iya mayar da shi bayan buɗa-baki, amma a yi gwaji a farkon watan tunda cin abinci yana sauyawa. Ranar komawa asibiti ki raka shi, ki kwashe duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na hawan jini in akwai, ki zube a gaban likita. Ki tambaya yaushe za a tsayar da allura, wata nawa zai yi a kan ƙwaya, da lambar wa za ku kira idan sakamakon INR ya fito ranar da ba ta asibiti ba.